Gyada a Tafin Hannu

'Yata tana da wata goma sha ɗaya na fara ba ta kunun gyada, kamar yadda kowace uwa take yi a Ikara idan yaye ya matso. Cokali uku ta sha. Kafin in wanke kofin leɓɓanta sun kumbura, borin jini ya feso mata har cikin kai, numfashinta yana fita da ƙyar. A kan babur muka kai ta asibiti, ina rungume da ita, ko takalmi babu a ƙafata. Da ta farfaɗo aka tura mu babban asibiti a Zariya. Can wata likita ta ce jikin yarinyar ba ya karɓar gyada: kada ta ci, kada ta lasa, kada a soya mata abu da manta.

Wanda bai zauna a ƙasarmu ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. To gyada tana cikin yajin tsire, tana cikin kwaɗon zogale da na rama, tana cikin miyar taushe, ƙosai ma da manta ake soya shi. Mijina kansa yana noma ta a Saulawa, buhunan sai dai a sauke su gidan wansa. Na ware wa yarinyar tukunya da ludayi da kwano. A unguwarmu kuwa ba a hana yaro abinci, duk gidan da ya shiga sai an miƙa masa wani abu, don haka na zama masifaffiya ta ƙarfi da yaji. Na yi faɗa da mai ƙosai, na yi da malamar Islamiyya, sau ɗaya har da surukata, Allah ya yafe mini. Mata suna cewa na cika iyayi, wai ina aka taɓa jin gyada ta kashe mutum. Ko a jikina, na ga abin da ba su gani ba.

Haka muka yi shekara tara. Da ta cika goma likitar ta sake gwada jininta, ta ce akwai alamar abin ya sake ta. Aka sa mana rana, muka wuni a asibiti, ana ba ta garin gyada kaɗan-kaɗan a cikin yogot ana duba ta. Ni na ce kada a faɗa mata ko mene ne, don kada tsoro ya hana ta sha. Har la'asar ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba.

Sai dai likitar ta kafa sharaɗi. Ta ce dole yarinyar ta riƙa cin gyada sau biyu ko uku a mako, ba fashi, don jiki ya saba da ita. Idan aka bari aka daɗe, abin yana iya dawowa ba mu sani ba, sai ranar da ta ci a wani wuri bisa kuskure. Ga shi baɗi za ta tafi makarantar kwana, inda babu ni balle tukunyata. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, wa ke ƙin gyada?

Ashe a gidana mai ƙin take. Na soya mata da gishiri, ta kawar da kai. Na dama kunu da tsamiya da sukari, wanda ƙannenta ke rububi a kansa, ta ce warinsa yana tayar mata da zuciya. Na sayo ƙuli-ƙuli mai sukari, ta raba wa ƙawayenta a ƙofar gida ina kallo. Ba ta yi mini rashin kunya, ba ta ɗaga murya, sai dai ta rufe baki ta sunkuyar da kai, ka yi ta magana kamar da bango. Ubanta ya ce in bi ta a hankali. Na ce shi da yake wuni a gona yana da damar faɗin haka.

Daga nan na koma dabara, abin da nake jin kunyarsa har yau. Na niƙa gyada na zuba a miyar kuka. Na kwaɓa a cikin cincin. Na dama a fura na cika ta da nono da citta. Duk ta gane. Hancin da na shekara tara ina horarwa ya shinshino gyada daga nesa, shi ya juyo kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta daina cin girkina, sai abin da ta ga an dafa a gabanta, dankali ko rogo ko ƙwai. Idan na miƙa mata kwano sai ta kalle ni kafin ta kalli abincin. Wata rana na ɗaga takalmi, ta tsaya ba ta gudu ba, hawaye yana zuba, bakin nan a rufe gam. Na ajiye takalmin na shige ɗaki raina a ɓace, rabi da ita, rabi da kaina.

Mako huɗu suka wuce ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga bakinta ba, ni kuwa kullum ina lissafin kwanaki. Da aka yi hutu na kwashe yaran muka tafi gidanmu a Ɗandamisa. Mahaifina malami ne, yana karantar da manya a zaurensa bayan sallar asuba, kuma tsakaninsa da wannan jikar akwai wasa mai yawa. Na zauna na zayyana masa komai, har da cewa taurin kan nan ba daga wajenmu ta gado shi ba. Ya yi murmushi, wanda na san amsa ce. Sai ya sa aka kira ta.

Ya fara da tsokana, wai ya ji labarin uwargidansa tana ƙin abincin da aka rene shi da shi, in haka ne zai sake ta ya auri ƙanwarta. Ta yi 'yar dariya. Sannan ya sauke murya ya tambaye ta ko ɗanɗanon ne kawai.

Ta ce, "Ba ta da daɗi, Malam. Amma ba shi ne ba. Na rantse."

Ya ce, "Kin rantse da wa?"

"Da Allah. Ranar da zan fara zuwa Islamiyya, Umma ta riƙe kunnena ta ce in ce wallahi ba zan taɓa cin gyada ba har in mutu. Na faɗa sau uku."

Wallahi na manta da wannan rana kwata-kwata, sai da ta faɗa na gan ta a gabana: tana da shekara biyar, da ɗan hijabinta, ni kuma tsoro ya cika ni don a ƙofar makarantar ake sayar da gyada. Abin da na yi don in tsorata ta na mako ɗaya, ita ta riƙe shi shekara biyar. Ta ƙara da cewa ta asibitin ma ba a faɗa mata ba sai da ta haɗiye, kuma tun ranar take istigfari bayan kowace salla. Ban iya ɗaga ido na kalli mahaifina ba.

Ya yi mata bayani a natse, cewa rantsuwar ƙaramin yaro ba ta hau kansa ba, balle wadda aka sa shi dole, babu komai a kanta. Ta saurara da ladabi, amma ana ganin fuskarta an san ba ta gamsu ba. Ta ce ita dai ta ambaci sunan Allah da bakinta, kuma an koya musu cewa wanda ya karya rantsuwa sai ya yi kaffara. Ta ce za ta yi azumi uku. Malam ya dube ta. Sannan ya ce ai azumi na wanda ba shi da hali ne, ita kuwa tana da kaka mai rumbu, sai ta ciyar da mabuƙata goma. Daga baya ya ce mini a gefe ba wajibi ba ne, sadaka ce, amma kada in kuskura in raina abin da yarinyar ta ɗauka da girma.

Washegari aka ɗebo masara aka kai niƙa. Ita ta zaɓi miyar, ta ce taushe za a yi, da gyada a ciki. Ta fere kabewa, ta tsinke alayyafo, ta daka gyadar da kanta ta ɗaure hanci da gefen ɗankwali. Mahaifiyata ta tuƙa tuwon, don hannun yarinyar bai kai ba, ta kuma lissafa mata gidaje goma: tsofaffin da ba su da mai dafa musu, da wata mai takaba, da wani makaho a bayan masallaci. Na ce ƙannenta su taya ta kaiwa, ta ce a'a. Sawu goma ta yi a cikin ranar nan, kwano a ka, tana dawowa da gumi da addu'o'in da aka yi mata.

Da ta dawo daga gida na goma ta wanke hannu, ta zauna a kan tabarma a gindin bishiyar darbejiya, ta ce a zuba mata. Ba wanda ya ce mata ci. Ta yi bismilla, ta gutsuri tuwo, ta dangwali miya ta kai baki. Fuskarta ta yamutse kamar ta mai shan maɗaci. Ta haɗiye, ta kora da ruwa, ta sake gutsura. Ni ina tsaye a bakin madafa ina kallon leɓɓanta, ƙirjina yana bugawa duk da abin da likita ta faɗa. Loma bakwai ta yi, ta ture kwanon ta ce alhamdulillahi, ta ce har yanzu ba daɗi. Mahaifiyata ta fashe da dariya. Ni kuwa alfahari ne ya cika ni har wuya. Na haifi yarinyar da ta fi ni riƙon magana, kuma ban ji haushin hakan ba ko kaɗan.

Da muka zo wanke kwanuka ta matso kusa da ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada kakarta ta ji.

"Umma, zan riƙa ci. Amma don Allah ki daina ɓoye mini a abinci. Ki ba ni a hannu in gani."

Na ce to. Na so in ƙara wani abu, in ba ta haƙuri yadda ya kamata, amma sai kawai na karɓi kwanon da ke hannunta na ce ta je ta huta.

Yanzu tana aji biyu a makarantar kwana. Duk ranar ziyara ina kai mata soyayyar gyada a kwalba, ba wanda yake tsaye a kanta, ita take tuna wa kanta Litinin da Laraba da Juma'a. Ƙawayenta sun ce toshe hanci take yi ta tauna da sauri ta bi da ruwa, suna yi mata dariya, ita ko a jikinta. Wancan hutun da ta dawo na zuba mata shinkafa da miya, na juya zan ɗauko cokali. Kafin in waiwayo ta kai loma baki, ba ta shinshina ba, ba ta tambaye ni abin da ke ciki ba.