Buhunan Mala Tela

Duk wanda ya girma a unguwarmu, can bayan ganuwar Birni, ya san Mala tela. Dogo ne siriri mai tsagen Barebari, kakanninsa daga Barno suka zo Damagaram da fatauci. Kekensa na ɗinki yana ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar zana. Ba zan yi masa ƙaryar gwaninta ba, in ya ɗinka maka wando ƙafa ɗaya za ta riga ɗaya isa masallaci. Amma ba ya iya cin tuwo wani ya wuce bai ce masa bismilla ba. Matarsa Falmata ta sha faɗin cewa aka ce mata baki tara za ta dafa wa, sai ta tarar titi guda aka aura mata.

To wannan mutumin aka ɗauka aka ce ya fito a marowaci.

Wani Mutari mai shirya teyatur, wato wasan kwaikwayo, shi ne ya kawo wasan. Sunansa Mutanen Kuka Uku, labarin wani ƙaramin gari ne na ƙirƙira. Akwai mai gari kurma, akwai ungozoma mai gulma, akwai direban da motarsa ba ta tashi sai gari ya taru ya tura. Sai Alhaji Mai Nasara, attajiri mai ɓoye hatsi, wanda yake tsince gero daga bakin kajinsa. Mutari ya ga Mala yana kwaikwayon wani ɗan kasuwa a wajen suna, ya ce ya samu Alhajinsa. Ranar Laraba bayan magariba ake nunawa. Tele, wato talabijin, ɗaya ce a unguwa, a gidan samariya inda matasa suke taruwa, an ɗora ta kan tebur biyu don na baya su gani. Da Mala ya fito da rawanin aro da tumbin matashin kai, har masu furfura sai sun riƙe ciki.

Masu ɗaukar hoton daga Yamai suke zuwa da kamara ɗaya, su kwana uku su ɗauki na wata biyu. Ba su da ɗakin wasa, sai gidan wanda ya yarda. Mala kuwa wa ya taɓa roƙonsa ya ƙi? Ɗakin zaurensa mai shuɗiyar taga, wanda kowa yake wucewa ta gabansa in zai je famfo, shi ya zama ma'ajiyar Alhaji Mai Nasara. Aka jera buhu goma sha biyu har rufi. Mala da hannunsa ya cika su da yashi da ƙyallayen ɗinki. Na gaba kaɗai aka zuba wa tiya ɗaya ta gero a baki, don kamara ta ga ana ɗiba.

Shekara biyu ana dariya, sai shekarar tamanin da huɗu ta zo. Ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Mutanen ƙauye suka cika gari da tabarmi a ka. Wa zai ɗinka riga? Keken Mala ya yi shiru. Gidansa ya koma ci sau ɗaya a yini, daga nan sai dusa da ganyen tafasa. Ana cikin haka ƙanwar Falmata ta iso daga Hamdara da 'ya'ya huɗu, baki ya zama goma sha huɗu.

Wasan kuwa ba a daina nunawa ba. Sabon shiri bai samu ba, sai aka yi ta maimaita tsofaffi. Kowace Laraba mutane su zauna da cikin wofi suna kallon Mala rungume da buhuna a ɗaki mai shuɗiyar taga, yana korar maƙwabcin da ya zo roƙon tiya guda. Dariya ta fara raguwa. Daga baya gaisuwa ma ta ragu, shi kuwa bai lura ba, ya ɗauka yunwa ce ta sa mutane tsimin magana.

Da jar dawar taimako ta iso cikin kamiyo, manyan motocin kaya, aka ce kowace unguwa ta rubuta magidanta da yawan bakinsu a ba su kati, wanda ba shi da kati ba shi da awo. Aka ɗora wa Alkasum aikin, tsohon komi, wato akawu, mai alƙalamin bik uku a aljihu, biyu ba sa rubutu. Alkasum ɗin nan ya ci tuwon Falmata har ya san ranar da take yin miyar kuka. Ranar raba kati Mala ya tsaya a layi daga hantsi har azahar, aka kira kowa ban da shi. Ya matsa gaban tebur.

Alkasum bai ɗaga kai ba ya ce, "Haba Alhaji, har da kai? Ka bar wa talakawa mana."

Mala ya yi dariya, ya zaci wasa ne. "Malam Alkasum, ni ne fa, Mala. Rigar da ke wuyanka ni na ɗinka ta."

"Na sani. Ɗakinka ma na sani. Goma sha biyu ne, na ƙirga su ranar Laraba."

Nan ne nake jin jinina yana tafasa har yau. Mutanen nan sun san tumbin matashi ne. Sun san mai gari kurma mushen lakwal ne, malamin makarantar boko, wanda yake jin raɗar yara daga bencin ƙarshe. Amma ka tambaye su, sai su ce maka tumbi ƙarya ne, rawani aro ne, buhu kuwa ai buhu ne, da idonmu mun ga an ɗebo gero a ciki. Shekara biyu sun sha dariya kyauta, ranar da aka ce su yi hankali na minti ɗaya sai hankalin ya tafi kiwo.

Mala ya je wurin Mutari ya roƙe shi ya zo ya yi shaida, ko ya sa a daina nuna buhunan. Mutari ya ce tele ba ta ubansa ba ce, kuma wannan ai alama ce wasa ya shiga jikin jama'a, Mala ya gode wa Allah da ya ba shi baiwa. Ya yi alkawarin rubuta takarda. Har yau muna jiran ta.

Falmata ce ta gaji. Ranar rabon farko ta yafa gyale ta je inda ake layi, ta ce duk mai son hatsin Alhaji Mai Nasara ya biyo ta, kyauta ne, ba sai da kati ba. Rabin layi ya watse ya bi ta. Ta buɗe ɗakin ta koma gefe. Aka yi kokawa a ƙofa, manya da gemu suna jan buhu ɗaya, aka fito da su titi aka farke. Yashi ya zubo, ƙyallaye suka biyo. Wata tsohuwa Lubabatu ta ɗaga wani ƙyalle ta duba ta ce ashe nan ragowar atamfarta ta sallah ta zo. Na zaci kunya za ta kashe mutane. Ina. Wani ya ce na gaskiyar tun jiya aka kwashe su. Waɗanda suka rasa wurinsu a layi kuma suka tsaya suna zagin Falmata da ta ɓata musu lokaci.

Mala ya nemo buhu ɗaya da ba a farke ba. Ya ɗora shi a ka, shi da bai ci abinci ba tun jiya, ya kai har gaban teburin Alkasum, ya zazzage yashin a kan kaye, littafin sunaye, da bik da tampon buga hatimi.

Ya ce, "Ga shi, Malam Alkasum, raba wa talakawa. Sauran goma sha ɗaya suna titi."

Alkasum ya kakkaɓe kayensa, ya ce to ya gani, amma takarda ta riga ta tafi biro, ofishin hukuma, sai zagaye na biyu. Sati uku ke nan. A cikin sati ukun ƙanwar Falmata ta ɗaure kayanta ta bi masu tafiya kudu da 'ya'yanta, don kada ta cinye wa 'yar uwarta dusa. Keken ɗinki kuma ya tafi a musayar rabin buhun gero. Wanda ya karɓe shi wani ɗan kasuwa ne da kowa ya san rumbunansa, kuma yana da kati na baki ashirin. Shi ba a taɓa nuna shi a tele ba.

Da katin ya fito Mala ya kawo mini in karanta masa, don shi allo ya yi, bai yi lakwal ba. Baki tara, daidai. Tampo yana nan. A wurin suna kuwa an rubuta Alhaji Mai Nasara. Wai sabon komin da ya cike katin ya tambayi wane ne mutumin da aka tsallake, aka ce masa Alhajin tele ne, shi kuwa ya rubuta abin da ya sani. Muka koma a gyara, aka ce gyara sai wata guda, in yana so ya bar katin.

Bai bari ba. Wata bakwai, duk ranar rabo sai a ɗaga murya a kira Alhaji Mai Nasara, Mala ya ce na'am, ya shimfiɗa buhunsa a zuba masa jar dawa. Layi ya yi dariya, irin wadda aka daina yi a gidan samariya. Shi kuwa kansa yana sunkuye.

Da ruwa ya dawo, masu kamara suka dawo, Mutari ya zo da rawani da matashi a hannu yana washe baki. Mala ya karɓe shi da kyau, ya ba shi ruwa, ya ce masa Alhaji ya ci dawar gwamnati har ya ƙoshi, ya rasu, an rufe shi. Suka nemi wani suka sa, wasan bai ƙara wata uku ba.

Mala ya ƙare rayuwarsa yana faci da allura a bakin kasuwar Dole, kuma ko a can in ya buɗe kwanon tuwo sai ya ce wa na kusa bismilla. Katin yana cikin adakar Falmata. Ta ce ba za ta yar ba, shi ne kaɗai takardar hukuma da ta taɓa kiran mijinta Alhaji.