Ɗelu da Zaƙamin Bakin Gulbi

Ɗelu mai kwaɗo a Madarumfa aka haife ta, nan ta tsufa. Tun da mijinta ya rasu, da ganyen daji take ciyar da kanta. Takan bi bakin gulbi ta tsinko tafasa da rama, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli ta kai kasuwa. Dukiyarta 'yan awaki ne. Zaƙami kuwa duk inda ta gan shi sai ta tumɓuke, don suna yara ƙanenta ya ci 'ya'yansa, ya yi ta fizge-fizge yana cafkar iska har ya cika.

Maƙwabcinta Mahaman yana da lambu a bayan dangarta, awakin kuma sun sha cinye masa salati. Wata rana ya tare ta a hanyar gulbi da fara'a.

"Inna, nuna mini mugun hakin nan. Yarana na wasa a wajen."

Ta ji daɗi. Ta kai shi gindin wani zaƙami, ta nuna masa farin furen mai kama da kakaki, da ɗan mai ƙaya kamar bushiya. Ta murje ganyen ta ba shi ya shinshina warin.

"Akuya ma ba ta cinsa, Inna?"

"Da kanta dai ba ta ci, ɗana. Sai in an daka ƙwayar an cuɗa mata a dusa."

Ba a daɗe ba ta tarar da awakinta suna tangaɗi, idanu a waje, suna karo da bango. Kafin la'asar babu mai motsi. A gindin danga ta ga ƙwarya da sauran dusa, ba tata ba.

Mahaman ne ya fara zuwa jaje. Daga nan ya wuce majalisa ya ce tsufa ya kama idon Inna, ta haɗo zaƙami cikin ganye.

"Yau awaki ne. Gobe fa, in kwaɗo ne?"

Ɗelu ta rantse, ta yi kuka, aka ce ruɗewa ce. Ta dinga zama a kasuwa da tasa cike, matan da suka saba saye suna janye yaransu.

Da damina ta faɗi, 'yarta da ke aure a Safo ta aiko a ɗauke ta. Mahaman ya ba da amalankensa kyauta, shi ya ɗaure mata kaya, mutane suna sa masa albarka. A kangon gidanta yanzu tumatir yake shukawa.