Tagar da ke Kallon Mai Awara

Wauta na yi. Ranar zaɓen aji a sakandarenmu ta Rano, na shiga ajin adabi don kawai tagarsa tana kallon mai awara. Alhali na cika ƙauyenmu Madachi da cewa akanta zan zama, har awakinmu sun sani.

Da muka je cike takardar neman jami'a ni da Baba, ma'aikacin ya duba sakamakona ya ce, "Alhaji, yaron nan bai ci lissafi ba. Akanta ta ina?"

Baba ya gyara hularsa, ya tayar da babur. Har gida bai ce mini uffan ba. Da ma dukana ya yi.

Shekara guda na ƙara ina noma ina bitar lissafi. Bana na ci.