Kusurwar Matakala

Ɗantani Zubairu ya yi shekara talatin da ɗaya yana zana gidaje, amma ba a taɓa kiransa injiniya ba. Mai zane ne a wani ofishin gini a Khartum. Injiniya ya faɗi abin da yake so, shi kuma ya zauna da fensir da rula ya fitar da shi a takarda.

A Aljirif aka haife shi, kusa da masu ƙona bulo a bakin kogin Nilu. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar Makka, ya tsaya hutawa, bai sake tashi ba. Gidansu irin na da ne: doguwar katanga, tsakar gida mai faɗi, da angarib, gadon katako mai saƙar igiya, jere a inuwar darbejiya. A kansa ake haihuwa, a kansa amarya ke zama ranar lalle, a kansa ake ɗaukar mamaci zuwa maƙabarta.

Da birni ya cika aka koma gini sama, iyali goma sha biyu a filin da a da gida ɗaya ne. Ɗantani bai yi gardama da zamani ba. Yakan sa taga ta fuskanci arewa saboda iska, ya ba baƙi maza ƙofarsu daban don kada su ratsa ta wurin mata. Amma abin da aka san shi da shi a ofis shi ne matakala. Angarib tsawonsa mita biyu ne, mutum huɗu ke ɗaukarsa. Saboda haka duk kusurwar da matakala ke juyawa, yakan bar mata faɗin mita ɗaya da rabi.

"Ya Hajj, kai matattu kake yi wa gini," in ji injiniyan, yana dariya.

"Su ne ba sa iya saukowa da ƙafarsu," in ji Ɗantani.

A shekarar 2009 wani attajiri ya kawo aikin bene mai hawa huɗu a Omdurman. Ya duba zanen, ya ce matakalar ta cinye masa falo, a rage santimita talatin. Injiniya ya yarda. Ɗantani ya ɗauki roba ya goge layin da hannunsa. Bayan shekara shida, da ya ajiye aiki aka kuma raba gadon gidan Aljirif, shi da matarsa Dela suka kama haya a hawa na uku na wannan benen. Kullum in ya zo kusurwar sai kafaɗarsa ta gogi bango.

Yaƙi ya ɓarke cikin azumin 2023. Wuta ta ɗauke, ruwa ya tsaya, maƙwabta suka yi ta tafiya har gida uku suka rage. 'Yarsu Mayada tana Kasala da mijinta, tana roƙo su taho. Dela ba ta iya tafiya, don wankin ƙoda ake yi mata sau biyu a mako, kuma wurin ya rufe.

A wata na biyu wani dattijo a hawa na huɗu ya rasu. Aka ɗora shi a angarib, aka sauko, gadon ya cije tsakanin bango da ƙarfen matakala. Aka gwada ta nan, aka gwada ta can. Daga ƙarshe aka naɗe shi a bargo aka sauko da shi a tsaye. Dela tana bakin ƙofa, dafe da bango, ta gani.

"Abu Mayada," ta ce bayan ya dawo daga jana'iza, "ni kada a sauko da ni kamar buhun gawayi."

"To," ya ce.

Washegari ya ari zarton ƙarfe wurin Tariq, makanike a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, wanda ke zaune a hawa na ɗaya. Ya auna, ya sa alama da alli. Bango ba ya matsawa, amma in aka cire ƙarfen gefen ciki, gado zai iya juyawa ta saman ramin matakala. Kusurwa uku ne tsakanin ƙofarsu da ƙasa. Yakan fara bayan hantsi ya tsaya da azahar. Ƙarar zarton tana shiga har ɗakin da take kwance.

"Saura nawa?" ta tambaya a rana ta uku.

"Ɗaya."

"Ka yi a hankali, Malam. Ni ba sauri nake ba."

Ya miƙa mata ruwa. Ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar yatsanta ya ɓace cikin nama. Ya duba, ya koma bakin aikinsa.

Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, kwana tara da gama aikin. Khadiga, matar Tariq, ita ta yi mata wanka. Maza huɗu ne suka rage a benen, har da shi, sai suka ɗora ta a angarib, ya kama ƙafar gadon ta gaba ta dama. A kusurwar farko gadon ya juya. A ta biyu ƙafar baya ta kankare fentin bango, ta wuce. A ta uku ya lura akwai ratar yatsa biyu, daidai da lissafinsa. Hanyar maƙabarta a rufe take, sai suka binne ta a filin bayan masallaci.

Da suka dawo ya miƙa wa Tariq zartonsa. Ya hau matakalar da ba ta da abin riƙewa, yana bin bango da tafin hannu. Ya jingina angarib a falo, ya zauna a ƙasa. Kafin magariba waya ta samu layi.

"Baba," in ji Mayada, tana kuka, "ta sha wahala?"

Ya dubi farin fentin da ya manne a ƙafar gadon.

"A kwance ta sauka," ya ce.