Inna Mai Biro da Idon Tela

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Inna Mai Biro ta riga ta zauna a tagar ba da magani. Hasken safiya na ratsa kwalabe, yana zuba launuka a kan farar rigarta. Shekararta talatin da ɗaya a wannan kujera, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Daga ɗabi'arta sunan ya fito. Duk wanda ƙuraje suka feso masa bayan ya fara sabon magani, sai ta zagaye su da biro, ta zaunar da shi a benci ta ga ko za su tsallake layin. Abokan aiki kan tsokane ta, wai ta mai da jikin mutane allo.

Wani tela bai manta ba. Ya zo karɓar ƙarin maganin ciwon gaɓoɓi, yayansa na ta cewa ƙurajen da suka feso masa a wuya na zafi ne kawai. Inna ta dubi leɓensa da ya tsattsage da idanunsa jajur, ta mayar da ƙwayoyin cikin aljihun tebur, ta zana masa da'ira a wuya.

"Ɗana, kai da maganin nan kun rabu. Zauna."

"Inna, ɗinki na jirana."

"Da wane idon za ka sa zare?"

Kafin azahar jan ya haye layin, ita da kanta ta je ta taso likita. Mako uku telan na kwance, fatarsa na saɓulewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Abin da yake tunawa kaɗan ne: labule na kaɗawa, fanka na juyawa can nesa, da wata farar inuwa da kan leƙo kullum ta tambaya ko an ɗiga masa magani a ido. Likitan ya ce da an ƙara kwana biyu ana sha, da wuya ganinsa ya tsira.

Haka ta karɓe maganin kitsen jini daga hannun wani direba da ya ambaci ciwon cinya da fitsari kalar shayi, ta tura shi gwaji a ranar.

Ke ce mai karanta fuska kafin takarda, Inna. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku da za ku gaji tagar, ku riƙa ɗaga kai kuna duban mai karɓa. Telan dai na shagonsa yana zura zare ba tabarau, yayan nasa a gefe yana rantsuwa ai shi ma tun farko ya ga alama.