Glenys da Labulen Ƙarfe Mai Jin Magana

Shekara talatin da ɗaya ke nan gidana yana kallon gidan Glenys Trewartha a garinmu Kadina, kuma ban taɓa ganin ta karɓi magana yadda aka faɗa mata ba. In ka ce rigarta ta yi kyau, sai ta tambaye ka me kake so. In mahauci ya ƙara mata tsoka ɗaya, sai ta kai hanci ta shinshina kafin ta yi godiya. Ba muguwa ba ce. Ranar da mijina ya rasu ita ta fara shigowa gidana, ta wanke kwanuka, ta sallami masu gaisuwar da suka ƙi tashi. Haka dai take.

Ita tana cewa aiki ne ya mai da ta haka. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta fara aiki a ofishin waya, zamanin da sai ka gaya wa ma'aikaciya wanda kake nema ta haɗa ku. Doka ta hana su sauraro.

"Duk muna saurare," in ji ta. "Na ji mace tana yi wa surukarta barka da ƙarin shekara, kafin minti biyu ta kira ƙanwarta tana tsine wa tsohuwar. Shekara goma sha huɗu ina jin mutanen garin nan ciki da waje, Noelene. Babu wanda zai ba ni labarinsu."

Da aka kawo injin da ke haɗa waya da kansa, ta koma sayar da kan sarki a gidan waya har ta yi ritaya. Mijinta Merv direban motar alkama ne, mutum mai shiru, ya rasu shekara tara da suka wuce. 'Yarsu ɗaya ce, Kerryn, ma'aikaciyar jinya a birnin Adelaide, tafiyar awa biyu a mota. Duk bayan mako biyu takan zo ranar Asabar, su yi shayi, su yi faɗa, ta koma.

Tagogin Glenys na gaba suna da labulen ƙarfe irin wanda ke naɗewa sama, kamar na rabin gidajen layinmu, saboda zafin Janairu, don a ƙasarmu lokacin ne tsakiyar bazara. Nata na dā ne, da igiya ake ja. Ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu har jan igiyar ya gagare ta. Wata rana na iske ta ta naɗe igiyar a gwiwar hannu tana ja da baya kamar mai fito da jirgin ruwa. Ta ce in na gaya wa wani ba za ta ƙara yi min magana ba. Ban gaya wa kowa ba, amma Kerryn tana da ido.

Ana saura mako guda Kirsimeti Kerryn ta turo wani mutum ya sa wa labulen inji, ya ajiye ɗan akwati fari a kan teburin kicin. Ya ce daga yau magana kawai za ta yi: ta ce buɗe, ya buɗe, ta ce rufe, ya rufe. Ina wurin, don ta kira ni in zama shaida.

"Yana jin magana ke nan," in ji Glenys.

"Sai kin kira shi yake ji, baba."

"To ta yaya zai san na kira shi in ba dama yana saurare ba?"

Mutumin ya sosa ƙeya ya ce tambaya ce mai kyau.

"Na san mai kyau ce, amsa nake nema. Wa ke can bayansa?"

Ya rantse babu kowa. Ta ba shi shayi, ta hana shi biskit.

Duk da haka ta yi amfani da abin, don ba ta da zaɓi. Ƙarfe bakwai da rabi na safe sai in ji ƙarar labulen yana hawa. Ba ta taɓa yi masa magana da daɗin rai ba, tsawa take daka masa. In za mu yi hirar wani a kicin, sai ta kife tukunya a kan akwatin.

Bayan Kirsimeti Kerryn ta daina zuwa. Saƙo take turowa a waya: aiki ya yi yawa, ba su da ma'aikata, sai wata mai zuwa. Glenys tana karanta min saƙonnin tana taɓe baki.

Wata safiya cikin Fabrairu ta tsaya gugar kaya a ɗakin baya, ta manta da labule har tara ta wuce. Sai waya ta yi ƙara. Graeme ne, mijin Kerryn, yana tambaya ko lafiya take. Graeme mai lissafin kamfanin siminti ne, kuma a shekara ashirin da shida da aurensu bai taɓa kiran surukarsa da kansa ba. Bayan kwana goma ta makara wajen buɗe labulen, Graeme ya sake kira.

Ranar ta tsallako titi da sandarta, ta tsaya a bakin ƙofata ba ta shigo ba.

"Nawa suke ba ki?"

"Su wa? Na me?"

"Kar ki raina min hankali, Noelene. Tagar kicin ɗinki tana kallon tawa. Duk ranar da ban buɗe da wuri ba, sai ga Graeme a waya yana tambayar lafiyata kamar ya damu. Wa ke gaya masa?"

Na ce ko lambar Graeme ba ni da ita. Ta ce haka kowane ɗan rahoto yake cewa. Na ji zafi ƙwarai. Na ce mata tsohuwar da ta kwashe shekaru tana laɓe a wayar mutane ba ita za ta kira ni 'yar rahoto ba. Ta juya ta tafi. Kwana biyar ba mu gaisa ba, har a coci ta canza benci.

A rana ta shida ta buga min ƙofa tun bakwai. Ta ce in sa takalmi in biyo ta, in miƙo mata wayata. Ta zaunar da ni a kicinta, ta jefa wayar cikin kwandon burodi ta rufe. Labule a sauke, gida duhu, muka zauna muna shan shayi. Har banɗaki ta raka ni ta tsaya a ƙofa.

Ƙarfe tara da minti goma waya ta yi ƙara. Graeme.

Ta amsa ta ce lafiyarta lau, ta ajiye. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta kalli tukunyar da ke kife kan tebur.

"To ba ke ba ce," in ji ta. Iyakar haƙurin da ta ba ni ke nan.

Na ce mata jikata ta taɓa nuna min cewa irin waɗannan abubuwa suna aika saƙo zuwa wayar wanda ya haɗa su, a ga lokacin da aka buɗe da lokacin da aka rufe. Na ce ai ba laifi ba ne, 'yarta tana son ta san ta tashi lafiya.

"In haka ne ta kira da kanta mana. Me ya sa Graeme? Mutumin da ko gaisuwa sai an tuna masa." Ta ɗage tukunyar. "Akwai wata a ƙasa, kuma yau zan ji ta."

Ta gyara zama ta ce buɗe. Labule ya hau. Ta ce rufe. Ya sauka. Buɗe. Rufe. Na ce za ta ƙona injin, ta ce ya ƙone. Mai kawo wasiƙa ya tsayar da babur ɗinsa a titi yana kallon gidan baki buɗe. Graeme ya kira sau biyu, ta ƙi ɗauka. Na ƙirga hawa da sauka goma sha ɗaya kafin waya ta sake ƙara. Wannan karon Kerryn ce. Glenys ta buɗe muryar wayar yadda ni ma zan ji.

"Mama! Me ya same ki? Faɗuwa kika yi?"

"Ban faɗi ba. Ashe kina gani."

Sai Kerryn ta fara bayani, wai don tsaro ne kawai, wai ta yi niyyar gaya mata. Glenys ba bayanin take saurara ba. Ta karkata kai, ta runtse ido.

"Ina kike?"

"Wurin aiki."

"Ƙarya ne. Kwance kike. Kuma numfashi kike ja kafin ki gama jimla. Kerryn, me ke damun ki?"

Sai muka ji kuka. Ashe sankarar nono ce ta kama Kerryn. Tun Nuwamba aka gano, aka yi mata aiki a Janairu, yanzu ana yi mata ƙarin ruwan magani duk mako uku, gashinta ya zube. Ta san ba za ta iya tuƙo mota ba na tsawon watanni, ta kuma san in ta yi doguwar magana a waya uwar za ta gane. Shi ya sa ta sa injin, ta ɗora wa Graeme duba waya kowace safiya.

Glenys ba ta yi kuka ba a gabana. Ta ce, "Wata huɗu. Ke da wannan mai simintin." Sannan ta tambayi ƙarfe nawa bas ke tashi gobe. Ta ajiye waya. Ni na haɗa mata kaya, tana zaune bakin gado tana faɗa min duk abin da na naɗe ba daidai ba.

Wata biyar ta yi a Adelaide. Graeme ya gaya min daga baya cewa ta addabi asibitin. Duk ƙwayar da aka kawo sai ta sa an karanta mata sunanta sau biyu. Ta tambayi wani likita shekarunsa, ta ce a kawo babba. Amma ita ce ta lura Kerryn tana zazzaɓi wata la'asar, tun kafin ma'auni ya nuna, ta tilasta wa Graeme ya kai ta asibiti, kuma likitocin sun ce da an jira gari ya waye da abin ya yi muni. Tun ranar ta daina ce wa Graeme mai siminti, don ya bi maganarta ba musu.

Kerryn ta samu sauƙi. Har yanzu tana zuwa a duba ta duk wata shida. Glenys ta dawo cikin Agusta, ta rame, ta kawo min gwangwanin biskit. Ta yarda a bar injin, ta yarda Kerryn ta ci gaba da gani a wayarta, bisa sharaɗin a ba ta takardar duk ranakun da za a duba Kerryn, kuma takardar asibiti ce za a ba ta, ba wadda Graeme ya kwafa ba.

Lokacin da ba ta nan ni nake ba wa shukokinta ruwa. Washegarin dawowarta ta leƙa bayan gida, ta daɗe, sannan ta tsallako titi.

"Noelene, bishiyar lemon tsamin nan. Duk shekara reshen da ke kusa da katanga har ƙasa yake taɓawa don nauyi. Bana fayau yake."

Na ce ƙila tsuntsaye ne.

"Tsuntsaye masu almakashi?"

Gaskiyarta ne. Na tsinki wajen talatin, na dafa da sukari na cika kwalba shida. Na shiga ciki na ɗauko mata biyu. Ta ɗaga ɗaya a rana ta duba, ta ce sauran huɗun fa, don ta hango su ta taga.