Guzurin da Saimi Ke Ɗaure wa Arvo

Duk wanda ya taso a ƙauyukan gefen garin Lieksa, can ƙasar sanyi da dazuzzuka, ya san Saimi Tanskanen, ko bai san fuskarta ba ya san man shanunta. Saniya biyar gare ta, mijinta Arvo kuwa saran itace yake yi a daji. A wajenmu lokacin nan, in kana son sanin darajar namiji a gidansa, dubi kaurin man da aka shafa masa a baƙin burodi. Na Arvo sai ka rantse bango aka yi wa yaɓe.

A shekarar 1974 ciwon ƙirji ya kayar da shi a bakin rijiya, yana da arba'in da shida. Likita ya ce kitse ne ya yi wa jininsa yawa yana toshe hanyoyin zuciya, in ba a sauya tukunya ba, ba zai kai hamsin ba. Mahaifinsa ma bai kai ba.

A hanyar gida Arvo ya ce, "Kada kowa ya ji, Saimi. In mutanen wurin aiki suka ji, zartona za su karɓe, su ce in zauna ina ƙirga itace kamar tsohuwa."

"To, maigida, ai sai ka ci abin da na ba ka."

"Ko ciyawa ce."

"Ita ce kuwa."

Haka matar da ta yi suna da man shanu ta koma koyon girki kamar amarya. Ta yaɗe madara. Romon nama ta riƙa ajiye shi waje cikin sanyi har kitsen ya daskare, ta kwashe ta zubar tana kau da kai. Kifin tafki a gasa, ba suya. Kabeji, karas, faten sha'ir da jajayen 'ya'yan daji. Man tsirrai na kwalba kuwa sai ta tafi har ƙauyen gaba take saye, don mai shanu biyar ba a ganinta da shi a kantin garinsu. Kullum ta ɗaure masa guzuri a gwangwani, burodi ba shafi da gasasshen kifi, kullum gwangwanin ya dawo fayau. Ta riƙa duban gwangwanin nan tana jin sanyi a ranta.

Shekara biyu ana haka. Ran nan da hantsi a daji Arvo ya jingina da wani kututture ya ce bari ya ɗan huta, bai tashi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka zauna shan kofi a gidan. Mazan daji suka jeru jikin bango. Can Reino, babban abokin aikinsa, ya matso wurinta yana murza hula a hannu.

"Uwargida, akwai abin da nake so ki sani, ko hankalinki ya kwanta. Bai taɓa yini da yunwa ba."

Saimi ta dube shi.

"Tun ranar da muka ga burodinsa tsirara muka gane gida ya shiga wani hali. Na ce masa, kai Arvo, shanun sun ƙafe ne ko uwargida ce ta gaji da kai? Ya yi dariya kawai. To, ai ba a tambayar namiji sau biyu. Sai muka raba kwanaki. Litinin ni, Talata Veikko, haka har Asabar. Soyayyen kitsen alade, man shanu, komai. Mu ce matanmu sun cika mana gwangwani, ya taimaka mana. Kin san shi, ba ya iya mayar da hannun aboki. Naki kuma mu rarraba mu cinye, don kada ki gane ki ji kunya. Kifin nan da daɗi, wallahi."

Maganar likita ta zo mata har baki. Sai ta ga Reino ya zuba mata ido, ga sauran can bayansa sun sunkuyar da kai, kowa na jiran ta ce sun kyauta.

"Kun kyauta, Reino," ta ce. "Kawo kofinka, ya huce."

Ta shiga ɗakin girki da kofin, ta tura ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.